Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Tseren Jirgi Marar Inji a Kwamfuta Idan Iska Ta Yi Rauni

Saƙonnin wannan mako sun karkata ne kan wasa guda, wato tseren gilaida ta intanet. Gilaida jirgin sama ne mai dogayen fukafukai da ba shi da inji. Wani jirgin ne ke jansa da igiya ya kai shi sama ya sake shi, daga nan kuma sai abin da matuƙi ya iya samu daga iska. Manhajar da masu wannan tsere suka fi amfani da ita ita ce Condor, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Sulobeniya. Ta fara fitowa a 2005, Condor 2 ta biyo baya a 2018, sai Condor 3 a 2024.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Ina shiga tsere a Condor da dare. Ranar da aka saita yanayi mai ƙarfi ina gamawa lafiya, amma ranar da aka saita iska mai rauni sai in tsinci kaina a gona tun ban kai rabin hanya ba, alhali wasu suna gamawa. Anya ba kwamfutata ba ce ke da nauyi, ko sabis?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar kwamfutarka ta huta, ba ta da laifi. Da ita ce matsalar, da ranar iska mai ƙarfi ma ka faɗi. Matsalar tana hannunka na dama, wanda ke tura sandar tuƙi gaba yana ƙara wa jirgin gudu.

Rana tana gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta yi sauƙi ta miƙe sama kamar ginshiƙi. Cikin wannan ginshiƙin ne matuƙi ke shiga ya yi ta zagaye har ya hau. Ka ɗaga kai da hantsi a kusa da mayanka ko bayan kasuwa, za ka ga shirwa na kewaye ba ta kaɗa fiffike amma tana ƙara nisa. Abin da take yi shi ne ainihin abin da ake so ka yi. Guguwar da ke murɗa ƙura da leda a fili lokacin bazara ita ma gindin irin wannan ginshiƙi ce. A rana mai kyau ginshiƙi kan ɗaga jirgi mita 3 zuwa 5 a daƙiƙa. A rana mai rauni kuwa, mita 1 ko rabin mita ne rabonka, ga ginshiƙan a warwatse, ga gajimare ƙasa-ƙasa.

Wani Ba'amurke, Paul MacCready, wanda ya lashe gasar gilaida ta duniya a Faransa a 1956, shi ya shahara da lissafin gudun da ya kamata a yi tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Lambar da kake gani a na'urar jirginka mai alamar MC sunansa ta ci. Ma'anarta ita ce ƙarfin hawan da kake sa ran samu a ginshiƙi na gaba. Idan ka sa 3, na'urar za ta yi ta ingiza ka ka yi gudu, domin ta ɗauka akwai abin da zai mayar maka da tsayin da ka ɓarnatar cikin sauri. Ina kyautata zaton ka bar ta a 3 tun ranar iska mai ƙarfi, ba ka sake waiwayarta ba.

Mu buga misali. A ce jirginka in yana gudun kilomita 110 a awa yana sauka mita 0.8 a daƙiƙa, in kuma ya kai 150 yana sauka mita 1.6. Ranar da ginshiƙi ke ba da mita 3, mai gudun 150 zai tashi da matsakaicin kusan kilomita 98 a awa bayan an haɗa da lokacin zagaye, mai 110 kuma 87. Nan gudu ya biya. To ranar da ginshiƙi ke ba da mita 1 kacal, mai 110 zai samu kusan 61, mai 150 kuma 58. Ka ga gudun bai ƙara masa komai ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne nisan da kowannensu zai iya kaiwa. Daga tsayin mita 1,000, mai tafiya a hankali zai yi kusan kilomita 38 kafin ya taɓa ƙasa, mai sauri kuwa 26. Wannan bambancin na kilomita 12 shi ne ke tsakaninka da gajimaren da zai cece ka, domin a ƙarƙashin gajimare aka fi samun ginshiƙi.

Saboda haka ka sauke lambar zuwa 1, ko ma ƙasa da haka. Kada kuma ka saita ta da lambar da allurar bariyo, na'urar nan mai auna hawa da sauka, ta taɓa sau ɗaya a zagaye. Ka duba matsakaicin hawan gaba ɗaya, tun daga lokacin da ka fara lalube har ka fita. Kusan kullum yana ƙasa da abin da zuciyarka ke gaya maka.

Sai batun raini. A rana mai ƙarfi ana wuce ƙananan ginshiƙai, a tsaya a manya kawai. Wannan ɗabi'ar ce ke kashe mutane a rana mai rauni. In kana sama kusa da gindin gajimare, kana da damar zaɓe. In ka sauko rabin tsayin, karɓi abin da ka samu. In ka sauko ƙasa da mita 500 daga ƙasa, ko abin da zai riƙe ka wuri ɗaya ba hawa ba sauka ne, zauna a cikinsa, da babu gara ba daɗi. Sau da yawa irin wannan yakan ƙara ƙarfi bayan zagaye biyu ko uku. Ni a ganina, wanda ya tsaya a kashi na can sama, in an raba tsayin ranar gida uku, ya riga ya ci rabin tseren.

Zagayen ma yana da nasa ilimi. Jirgi mai gudun kilomita 90 a awa, in ka karkata shi digiri 30, tazarar da ke tsakaninsa da tsakiyar da'irarsa kusan mita 110 ce. In ka karkata digiri 45, sai ta dawo kusan mita 64. Ginshiƙi yakan yi siriri a ƙasa ya buɗe a sama, don haka sabbin matuƙa da ke tsoron karkata sukan yi ta kewaye bakinsa, inda iska ke sauka. Amma karkata da yawa ma tana ƙara wa jirgi saurin sauka, kuma a rana mai rauni ba ka da rarar da za ka yi asara. Fara da 35 zuwa 40, ka riƙe gudu ɗaya ba ƙari ba ragi. Bariyo yana makara da daƙiƙa biyu ko uku, wato in ya yi kukan murna ka riga ka gota wurin. Sa abin sauraro a kunne ka bi sautinsa, idonka kuma a waje.

A waje me za ka nema? Gajimare mai gindi shimfiɗaɗɗe mai ɗan duhu, wanda kansa ke ƙara tohowa. Wanda gefensa ya fara yagewa ya mutu, kada ka ɓata tsayinka a kansa. In babu gajimare, nemi gefen dutse da rana ke bugu, musamman in iska ma tana hura shi. Sannan ka sa ido kan sauran jirage. Duk wanda ka hango yana zagaye yana ƙara sama, ya yi maka aikin lalube kyauta. In za ka shiga, ka zagaya ta ɓangaren da na farko yake zagayawa, domin a wasan ma ana karo.

Abu na ƙarshe, kada ka daɗe kana jiran kowa ya tashi don ka bi bayansu. Rana mai rauni da wuri take mutuwa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga Daura nake. Na ga manyan 'yan wasa suna cika fukafukansu da ruwa kafin a tashi, ni ma sai na riƙa yi. Amma jirgin sai ya ƙi hawa. Mene ne amfanin ruwan?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ruwan nauyi ne kawai, lita ɗaya kilo ɗaya. Jiragen tsere na gaske suna da tankuna a cikin fukafukai, wasu suna ɗaukar sama da lita 150, kuma a rukunin jirage masu faɗin fiffike mita 15 dokar gasa ta tsayar da nauyi a kilo 525. Jirgi mai nauyi yana kai nisan da marar nauyi ke kaiwa daga tsayi ɗaya, sai dai shi a gudu mafi yawa yake yin hakan. Ladan ke nan. Kuɗin da kake biya kuwa a zagaye ne: dole ka ƙara gudu don kada fiffike ya saki iska, da'irarka ta yi faɗi, hawanka ya ragu. In ginshiƙi na ba da mita 4, ba za ka ji zafin rasa rabin mita ba. In mita 1 yake bayarwa, ka ba da rabin abincinka.

Ka karanta bayanin yanayi da mai shirya tseren ya saita kafin ka zaɓi nauyi. In kana shakka, tashi da ruwan, ka gwada ginshiƙi biyu kafin a buɗe ƙofar farawa. In matsakaicinka bai kai mita ɗaya da rabi ba, buɗe famfo. Zubarwar takan ɗauki 'yan mintuna, don haka kada ka jira sai ka ga ganyen itatuwa. Ruwan da ka zubar kuma ba ya dawowa.

Tambaya: Yallaɓai, data nawa wasan ke ci, kuma zai yi a waya?

Amsa: Condor ta kwamfuta ce mai Windows, sayenta ake yi, babu ta waya. Duk wanda ya turo maka wani abu ya ce Condor ce ta Android, kada ka buɗe. Tseren kansa ba ya cin data sosai, don abin da ke kai-komo tsakaninka da saba, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan tseren a intanet, bai wuce matsayin jirage da 'yan saƙonni ba. Inda data ke ƙonewa shi ne saukar da taswirar yankin da za a yi tseren, wasunsu gigabayit masu yawa ne. Sauke su tun da wuri, lokacin garaɓasar dare, ba minti goma kafin tashi ba, domin saba tana da wa'adin shiga, in ya wuce an rufe. Jinkirin sabis na ɗan ƙiftawar ido ba ya cutar da wannan wasa yadda yake cutar da na harbi. Katsewa ce abin tsoro, ita da ɗaukewar wuta, shi ya sa laftof mai batiri lafiyayye ta fi kwamfutar tebur a wajenmu, tunda tsere kan ci awa ɗaya zuwa biyu.

Ka kula da agogo. Lokacin sanyinsu, agogon tsakiyar Turai daidai yake da na Nijeriya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa suna gabanmu da awa ɗaya, wato ƙarfe 8 na darensu ƙarfe 7 ne a Katsina, kusan kan Magariba.

Manhajar tuƙin jirgi ta Microsoft Flight Simulator ma ta sa gilaida a Nuwamban 2022. Kyan hoto kam ba a magana, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi da data mai yawa, kuma don tsere zalla ni Condor zan zaɓa.

Tambaya: Malam, ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Katsina. Ƙanena ya ce ana iya haɗa tsohuwar waya da wasan ta zama na'urar lissafi. Gaskiya ne? Kuma me ya sa yake yawan faɗuwa dab da filin sauka?

Amsa: Gaskiya ne, Malama. Akwai manhaja kyauta mai suna XCSoar da ke aiki a Android, wadda matuƙan gaske ma suke ɗorawa a jiragensu. Condor tana iya fitar da bayanan matsayi da tsayi irin na GPS, sai a tura su zuwa wayar ta Wi-Fi, muddin wayar da kwamfutar suna kan layi ɗaya. A Condor 2 ana buƙatar wata ƙaramar manhaja a tsakani da za ta karɓi bayanan ta miƙa wa wayar. In an haɗa an ga shiru, a fara duba katangar tsaron Windows, ita ce ta fi yawan tare hanya. A kuma tabbatar an zaɓi irin jirgin da ake tuƙawa da yawan ruwan da ke cikinsa, in ba haka ba lissafin zai fito daidai amma na wani jirgin daban.

Faɗuwa dab da gida kuwa matsala ce ta zubowar ƙarshe, wato tafiyar daga ginshiƙin ƙarshe zuwa filin sauka. Jirgin da ke yin mita 40 gaba a kan kowace mita ɗaya ta sauka, a takarda tsayin mita 1,000 zai kai shi kilomita 40. Daga Katsina zuwa Daura, wajen kilomita 80, sai a ce mita 2,000. Amma wannan lissafin iska tsaye ne. In iska na bugo shi ta gaba da kilomita 20 a awa yana gudun 100, kashi ɗaya cikin biyar na nisan ya tafi, ba a ma zo kan wuraren da iska ke sauka ba. Wannan kam darasi ne da za ki iya kai wa ɗalibanki a allo.

Ki ce masa ya sa wa na'urar rarar mita 200 zuwa 300 a saman filin sauka, kuma kada ya bar ginshiƙin ƙarshe da zarar lamba ta nuna zai isa da ƙyar. Ya ƙara zagaye uku ko huɗu. In ya zo kilomita goma na ƙarshe ya ga tsayin ya yi masa yawa, sai ya tura sanda ya mayar da shi gudu. Sandar tuƙi kuma, ko mai araha ce, a saya masa in da hali, don riƙe gudu ɗaya a zagaye da linzamin kwamfuta wahala ce.