Jarrabawar LSAT: In Sayi Littafin Dokar Kamfanoni Ko Tsofaffin Tambayoyi?

Tambaya: Ina shirin zana jarrabawar LSAT don neman gurbin karatun lauya a Amurka. A gwajin da nake yi a gida, nassin da ya fi kayar da ni shi ne mai magana kan tarar da ake cin kamfanoni idan sun aikata laifi. Kuɗina ba su da yawa. In sayi littafin dokar kamfanoni ne, ko in biya kuɗin darasi a intanet?

Amsa: Ɗan'uwa, bar littafin nan a kanti. Hukumar LSAC da ke shirya jarrabawar ba ilimin shari'a take aunawa ba. So take ta ga ko za ka iya bin zaren muhawara, ka bambance ra'ayin marubuci da na waɗanda yake kawo maganarsu.

Muhawarar kanta ba ta da tsawo. Masana tattalin arziki da suka bi sahun Gary Becker, wanda ya yi rubutu a kan haka a 1968, suna ganin kamfani lissafi yake yi kafin ya karya doka, don haka dole tara ta zarce ribar laifin. Sai dai ba kowane mai laifi ake kamawa ba. A ce kamfani ya ci ribar dala miliyan 2 ta hanyar zubar da guba a kogi, kuma cikin biyar ɗaya ake kamawa. Tarar miliyan 3 ba za ta razana shi ba, sai ta haura miliyan 10. To a nan gizo ke saƙar, domin tara mai nauyin haka tana iya durƙusar da kamfanin, ma'aikatan da ba su ji ba ba su gani ba su rasa abin yi. Hukunci ya taɓa yin irin wannan ɓarna: bayan an sami kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen da laifi a 2002 kan badaƙalar kamfanin makamashi na Enron, ya ruguje, dubban mutane suka rasa aiki, sannan Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne sakin layi na farko. Marubuci yakan shimfiɗa ra'ayin masanan dalla-dalla, mai karatu ya ɗauka nasa ne, alhali shirin rusa shi yake yi. Ka sa ido kan inda ya juya da kalma irin "amma" ko "sai dai", ka yi wa wurin alama. Tarko na biyu shi ne abin da ka sani daga waje. Labarin Andersen gaskiya ne, amma idan nassin bai kawo shi ba, amsar da ta jingina da shi ba taka ba ce. Haka amsar da ta ce "kullum" inda marubuci ya ce "wani lokaci".

Kuɗinka ka zuba su a tsofaffin jarrabawoyin LSAC na asali. Akwai na kyauta a shafinta na LawHub, ka gama da su kafin ka biya kuɗin shekara na sauran. Sashen karanta nassi na jarrabawar minti 35 ne, nassi huɗu, wato kowanne minti takwas da ɗoriya har da tambayoyinsa. Duk tambayar da ka faɗi, koma ka nemo layin da ya tabbatar da amsar daidai. Kada ka bar gurbi, ba a rage maki don kuskure. Darasin kuɗi sai idan ka yi haka makinka ya ƙi motsi.

Littafin shirin LSAT na gwanjo ma yana da amfani, amma wanda aka buga kafin Agustan 2024 yana ɗauke da sashen wasannin jera abubuwa da aka riga aka cire. Tsallake shi.

Tambaya: Na gama digirin lauya a Nijeriya, ina son ƙaro karatu a Amurka. Ni ma sai na sayi kayan LSAT?

Amsa: Malama, idan digiri na biyu kike nufi, wato LLM, galibin makarantu ba sa neman LSAT. Ta masu neman JD ce, wato digirin lauya na farko a Amurka, karatun shekara uku. Duba sharuɗɗan makarantar tukuna, wataƙila kuɗin nan na jarrabawar Turanci da tantance takardunki ne.