Garin rai-ɗore na leda: a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Yarona mai shekara 4 yana yawan zazzaɓi da damina. Surukata ta ce in sayo garin rai-ɗore wajen mai magani ranar kasuwa, in riƙa dama masa a kunu. Ga shi kuma ya fito a bayan gidanmu. In saya ko in tsinko? Daga wata uwa a Gumel.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba yaro lafiya. Garin nan dai kar ki saya.

Hajiya ba ta faɗi baƙon abu ba. Rai-ɗore, ko sanga-sanga, tun kakanni ake dafa ganyensa a yi surace ko wanka idan zazzaɓi ya kama mutum. Ni ma an lulluɓe ni da bargo a kan tukunyarsa, har yau ina jin warin a hancina. Amma surace daban, ɗura wa yaro gari daban. Abin da ke cikin leda ba ki san ganye ne zalla ba, ko an daka har da ƙwayar. Ƙwayar nan kuwa guba ce. A yankin Saharanpur na Indiya yara sun yi ta mutuwa shekara da shekaru ana zaton ciwon ƙwaƙwalwa ne, sai wajen 2007 likitoci suka gano ɗanyar ƙwayar rai-ɗore suke ci a bakin hanya, tana lalata musu hanta da tsoka. Ganyen ma yana sa zawo, yaro mai zazzaɓi kuwa ba ya son ƙarin rashin ruwa a jiki. Mai ciki ma ta kiyaye.

Kuɗin garin ki kai shi asibiti a yi gwajin maleriya, ɗigon jini ne a yatsa, minti 20 an gama. In ita ce, maganin kwana 3 ne, a shanye shi duka ko da jiki ya yi sanyi. Masu rabon maganin rigakafin damina na yara 'yan ƙasa da shekara 5 in sun zo, ki buɗe musu ƙofa.

Na bayan gida kuma ki tuge shi kafin ya yi 'ya'ya. Ki lura kar ki haɗa da tafasar kwaɗonki, tunda duka furensu rawaya ne: ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, na rai-ɗore mai tsini ne, in kin murza shi sai wari. Hajiya kuwa ki bi ta a hankali, ki roƙe ta ta raka ku asibitin.