Kafin Ka Kashe Kuɗi a Kan Wasan Dabarun Yaƙi: Amsoshin Tambayoyin Masu Farawa

Wasiƙun wannan makon duk sun taru a kan wasannin kwamfuta na dabarun yaƙi irin na bi-da-bi, waɗanda ake yi a duniyar almara mai dodanni da masu sihiri, inda mutum zai gama motsa rundunarsa sannan abokin gaba ya motsa tasa, kamar yadda ake yi a wasan dara. Na zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi ne a Zariya. Ya ce ya ga hotunan Age of Wonders 4 sun burge shi, ya tara kuɗin saye, amma kwamfutarsa ta hannu ce, ƙwaƙwalwarta gigabait 4, kuma bai taɓa yin irin wannan wasa ba. Yana tambaya ko ya saya.

Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna. Age of Wonders 4, wanda kamfanin Triumph Studios na ƙasar Holan ya ƙera, kamfanin Paradox kuma ya fitar a watan Mayu na 2023, wasa ne mai kyau ƙwarai, sai dai mafi ƙarancin ƙwaƙwalwar da yake bukata gigabait 8 ne, tare da katin hoto mai ƙarfi, saboda haka a kan kwamfutarka ko dai ya ƙi tashi ko ya riƙa tafiyar hawainiya har ka tsane shi. Ko da ma kwamfutar za ta ɗauka, wasan yana ɗora wa mutum gina birane da binciken sihiri da hulɗar jakadanci da yaƙi duk a lokaci guda, wanda bai saba ba kuwa yakan rasa inda zai sa kansa tun a daren farko.

Abin da nake so ka fara da shi shi ne Battle for Wesnoth. Wani masanin manhaja ɗan Ostareliya, David White, ya fara fitar da shi a 2003, 'yan sa-kai daga ƙasashe da dama suka ci gaba da raya shi har yau, kuma kyauta ne ɗungurungum: babu talla a ciki, babu wani abin da za a ce ka saya daga baya. Yana aiki a kan Windows da macOS da Linux, ana samun sa a shafin masu shi da kuma Steam, dandalin sayar da wasanni a intanet, tun 2018, kuma da zarar ka sauke shi ba ka bukatar intanet sai in kana son karawa da wasu mutane. Yana adana wasanka da kansa a kowane zagaye, don haka ɗaukewar wuta ba za ta mayar da kai farko ba. Idan ka yi wata biyu kana jin daɗinsa, ka san kuɗinka ba zai tafi a banza ba ranar da ka sami kwamfutar da ta fi wannan. Ranar da za ka saya ɗin ma, ka tuna cewa Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a yi wasan fiye da awa biyu ba, sannan yana karya farashi sosai wajen ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba.

Tambaya ta biyu daga wani malamin makaranta ne a Maraɗi, kuma ita ce za ta fi cin wuri. Ya ce ya sauke Wesnoth, ya shiga labarin Heir to the Throne kai tsaye, amma kullum sai an karkashe masa sojoji; nasa su kai sara uku su kuskure, na abokin gaba kuwa ba sa kuskure. Yana zargin kwamfuta da maguɗi, yana kuma tambaya ko ya bar wasan ya sayi wani mai sauƙi.

Malam, kada ka sayi komai, domin abin da ke damunka zai bi ka duk wasan da ka koma. Babu maguɗi. A Wesnoth, yiwuwar a sami soja da sara ta dogara ne kusan kacokan a kan irin ƙasar da yake tsaye a kanta. Filin wasan an yanka shi gida-gida masu kusurwa shida, kowane gida kuma ko fili ne, ko kurmi, ko tudu, ko dutse, ko ruwa, ko ƙauye, ko ganuwa. Sojan ƙasa na 'yan Adam yana kauce wa sara kashi 40 cikin 100 a fili, kashi 60 a ƙauye ko a ganuwa, amma kashi 20 kacal idan ya tsaya a cikin ruwa. Maharbin mutanen kurmi, waɗanda wasan ke kira elf, yana kaucewa kashi 70 a cikin bishiyoyi, haka ma wadanni a kan dutse. To, idan mai mashinka ya kai suka uku ga wanda ke da kariyar kashi 70, lissafi ya nuna cewa sau ɗaya cikin uku duka ukun za su tafi a iska. Wannan ba rashin sa'a ba ne, kai ne ka je ka same shi a gidansa. Kafin ka ajiye kowane soja, ka dubi adadin da wasan ke nunawa a kan gidan, ka tambayi kanka mutum nawa za su iya kewaye shi a nan idan zagayen abokin gaba ya zo. Maganin wanda ya laɓe a kurmi ko a kan dutse kuwa shi ne mai sihiri, domin jifansa yana samu kashi 70 cikin 100 ko'ina abokin gaba ya tsaya.

Abu na biyu shi ne lokaci, kuma a nan ne nake ganin aka fi cin ka. Yini a wasan zagaye shida ne: asuba, hantsi, la'asar, magariba, sai kashi biyu na dare. Yawancin sojojin 'yan Adam suna ƙara ƙarfin sara da kashi 25 cikin 100 da rana, su rage haka da dare. Dodannin da ake kira ok da ƙwarangwal masu tafiya kuwa akasin haka suke. Ɗauki mai mashi, wanda ake ɗauka a kan zinariya 14, sukarsa maki 7 sau uku, ka haɗa shi da ƙaton ok mai zinariya 12, wanda saransa maki 9 ne sau biyu. Da rana mai mashi zai iya cire maki 27 daga lafiyar abokin karawarsa, ok ɗin kuwa 14. Da dare mai mashi ya koma 15, ok ya hau 22. Sojojin ba su canja ba, filin bai canja ba, amma wanda ya fi ƙarfi da hantsi ya zama abin tausayi bayan magariba. Saboda haka ja da baya da dare ba ragwanta ba ce. Ka koma kan tudu da ƙauyuka ka yi sahu, ka bari su biyo ka, gari na wayewa ka afka musu.

Sahun nan yana da muhimmanci saboda wata ƙa'ida da masu farawa kan yi biris da ita. Sojoji a wasan suna da matakan girma, kuma duk sojan da ya kai mataki na ɗaya ko sama yana tsare gidaje shidan da ke kewaye da shi, abokin gaba da ya shiga ɗaya daga cikinsu dole ya tsaya nan. Da 'yan sojoji kaɗan da aka jera da kyau za ka iya toshe hanya, ka ɓoye masu rauni a baya. Wanda ya ji ciwo ka kai shi ƙauye, inda zai warke maki 8 a kowane zagaye, ko kuma a cire masa guba a madadin haka idan an sa masa. Wanda ya zauna bai motsa ba kuma bai yi faɗa ba yana samun ƙarin maki 2. Na fi son in ga mai farawa yana juya sojojinsa, na gaba su koma baya su huta, na baya su maye gurbinsu, da in ga ya kashe abokan gaba biyar ya rasa gwanayensa biyu.

Dalili kuwa shi ne labaran Wesnoth jerin yaƙe-yaƙe ne, kuma sojan da ya tsira yana biyo ka yaƙi na gaba da gogewarsa. Kashe abokin gaba mai mataki na ɗaya yana ba da makin gogewa 8, mai mataki na biyu 16, alhali gwabzawa kawai ba tare da kisa ba maki ɗaya ko biyu take bayarwa. Don haka ka raunana abokin gaba da manyan sojojinka, ka bar wa ƙaramin da kake son ya girma saran ƙarshe. Idan makin ya cika sai ya hau mataki, lafiyarsa ta dawo cif, ko da saura ƙiris ya mutu. Kiran tsohon soja a yaƙi na gaba zinariya 20 ne ko wane mataki ya kai, wanda ke nufin gogaggen mayaƙi mai mataki na uku ya fi sabon mahayin doki araha. Amma kada ka cika fili da manya, domin kowane soja yana cin albashi daidai da matakinsa a kowane zagaye, kowane ƙauye da ka riƙe kuma yana ɗauke maka nauyin mataki ɗaya ne kawai. A yawancin labaran kashi 40 cikin 100 na zinariyar da ta rage maka ake wucewa da shi gaba, tare da ladan gama yaƙi da wuri, shi ya sa wanda ya yi almubazzaranci a yaƙi na uku yakan tsinci kansa hannu rabbana a na shida.

Ka ajiye Heir to the Throne, domin dogo ne, ya haura yaƙi ashirin. Ka yi darasin koyarwa da ke cikin wasan, sannan A Tale of Two Brothers mai yaƙi huɗu kacal, sannan The South Guard, duk a matakin sauƙi. Idan Faransanci ya fi maka sauƙi, akwai fassararsa a cikin saitin harshe. Roƙona guda shi ne kada ka saba da komawa baya duk lokacin da sara ya kuskure. Idan yaƙi ya lalace, ka sake shi daga farko da wani shiri, domin ta haka ne kawai za ka ga inda kuskuren ya faro.

Tambaya ta uku daga wani ma'aikaci ne a Kano, wanda ya ce ya yi Heroes of Might and Magic III yana yaro a shagon kwamfuta, yanzu yana son ya saya, amma ya ga iri biyu, ɗaya an rubuta HD Edition, ɗaya Complete.

Ka sayi Complete, wanda ake sayarwa a dandalin GOG. Asalin wasan kamfanin New World Computing ne ya yi shi a 1999, aka bi shi da ƙari biyu, Armageddon's Blade a 1999 da The Shadow of Death a 2000, kuma Complete ya haɗa duka ukun. HD Edition da Ubisoft ya fitar a 2015 hotunansa sun fi tsafta, amma asalin wasan ne kawai a ciki, babu ƙarin nan biyu, babu kuma na'urar da ke ƙirƙiro sabuwar taswira a kowane wasa, wadda ita ce ke sa mutane ba sa gajiya da shi. Ƙarin da masoya wasan suka yi kyauta, Horn of the Abyss, shi ma a kan Complete yake hawa. Wani alherin GOG shi ne kana iya sauke fayil ɗin girkawa ka ajiye a filashi, ba sai ka sake ƙona data ba idan ka canja kwamfuta. Idan ka fara, ka tuna cewa sababbin mayaƙa suna fitowa ne a ranar farko ta kowane mako, don haka ka yi ƙoƙari ka gina gidajensu kafin rana ta bakwai ta wuce, ka kuma tara rundunarka a hannun jarumi guda, sauran jarumai su zama 'yan aike masu kwaso itace da zinariya.

Tambaya ta ƙarshe daga wata uwa ce a Kaduna. Ɗanta mai shekara goma sha huɗu yana roƙon ta saya masa irin wannan wasa, ita kuma tana tsoron abu biyu, wato sihirin da ke ciki da kuma cin lokacin karatu.

Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma ba zan ɓoye miki abin da ke ciki ba. A waɗannan wasanni akwai masu sihiri, akwai ƙwarangwal da fatalwa da masu tayar da matattu, waɗanda a yawancin labaran Wesnoth su ne miyagun da ake yaƙa, ko da yake akwai labarin da ake bin rayuwar ɗaya daga cikinsu. Zane ne irin na tatsuniya, ƙanana a kan allo, amma ke ce kika san tarbiyyar gidanki, kuma tun da Wesnoth kyauta ne, ki sa ya buɗe shi a gabanki ki kalla na rabin awa kafin ki yanke hukunci, ba tare da kin kashe ko sisi ba. Idan kin amince, ki bar shi a kan labaran da ake yi da kwamfuta, ki hana shi shiga zauren intanet inda ake hira da baƙi har sai ya ƙara hankali.

Batun lokaci kuwa, irin wannan wasa ya fi wasannin harbi da na ƙwallo sauƙin sarrafawa, domin babu abin da ke motsi sai ya danna, kuma ana iya adana shi a tashi a kowane lokaci. Idan aka kira salla ko kika aike shi, ba shi da hujjar cewa a jira ya gama. Haɗarinsa shi ne zagaye yana jan zagaye har dare ya raba. Maimakon ki ƙayyade masa mintoci, ki ƙayyade masa yaƙi guda a ranar Asabar da guda a ranar Lahadi, bayan ya gama aikin makaranta, kwamfutar kuma ta kwana a falo.