Tsarabar Binuwai: lemu, mangwaro da doya, wanne za a saya kuma yaushe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana bautar ƙasa a Gboko, jihar Binuwai, ina shirin kai masa ziyara a watan Disamba. Jikokina sun ishe ni da zancen mangwaro, wai sun ji can ne gidansa. Me zan sayo musu wanda zai iso Zariya lafiya? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa yaron ya gama hidimarsa cikin nasara. Maganar mangwaro kam ki ba jikoki haƙuri. A Disamba itatuwan fure suke yi, mangwaron ba ya cika kasuwa sai wajen Maris zuwa Mayu. Abin da za ki tarar jibge a bakin titi a lokacin zuwanki shi ne lemu, kuma kin dace, don kakarsa ke nan. Yankin Gboko da Ushongo da Vandeikya da Konshisha ƙasar lemu ce, daga can ne manyan motoci ke lodinsa zuwa kasuwanni irin su 'Yan Lemo ta Kano. Ke kuwa a gindin bishiya za ki saya.

Abu guda nake so ki riƙe: kada ki raina koren lemu. Mutanenmu da yawa sukan tsallake shi su nemi mai ruwan ɗorawa, suna zaton kore ɗanye ne. Ba haka ba ne. Sanyin dare ne ke juya launin ɓawon lemu, shi ya sa na ƙasashen da darensu ke yin sanyi sosai yake fitowa jawur. A Binuwai dare ba ya yin sanyin da zai kai haka, sai lemun ya nuna sarai a ciki, ɓawonsa kuwa yana nan kore. Kuma ki sani, lemu ba irin ayaba ba ne. Da zarar an tsinke shi ya gama zaƙinsa, ko ki ajiye shi mako guda ba zai ƙara ba. Don haka ɗanɗanawa ta zama dole kafin ki biya.

Ki ɗauki biyu masu girma ɗaya, ɗaya a kowane hannu. Wanda ya fi nauyi shi ne mai ruwa. Ki duba ɓawo, mai santsi kuma marar kauri ya fi. Matan da ke sayarwa sukan jera manya a saman baho, wannan dabarar 'yan kasuwa ce a ko'ina, sai ki sa hannu can ƙasa ki zaro ɗaya, ki ce a fere miki a yanke kansa ki sha. In ya yi, ki sa a juye bahon a gabanki ki tsince wanda ya fashe ko ya yi laushi, don ɗaya ruɓaɓɓe kan lalata maƙwabtansa kafin ki wuce Lafiya. Ki zuba a buhun raga irin na albasa ko a kwando, ban da leda, kada kuma a ɗora masa kaya a but. In kin iso gida ki baje shi a inuwa. Da iskar hunturu zai iya kai miki mako biyu, sai dai ɓawon ya ɗan yanƙwane.

Tambaya: Aiki zai kai ni Makurɗi a watan Afrilu. Ina son mangwaro, amma ina tsoron wanda ake nunarwa da sinadari. Yaya zan gane shi? (Wani ma'aikaci daga Kano)

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya. Sinadarin da ake magana shi ne kabayid, wanda masu walda ke amfani da shi. Wasu dillalai kan ƙunsa shi a takarda su cusa cikin lodin ɗanyen mangwaro. In ya sha danshi sai ya fitar da iskar da ke sa ɓawo ya yi launin nuna cikin kwana ɗaya ko biyu. Matsalar ita ce kabayid na masana'anta yakan zo da gurɓin guba irin su asanik, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin a daina. Wannan abu yana ci mini rai, don yara ne suka fi shan mangwaro.

Ido kaɗai ba zai raba maka gardama ba, sai ka haɗa da hanci. Ka shinshina wajen hancin mangwaron, inda aka tsinko shi. Nunan Allah yana da ƙamshi tun daga nan. Na kabayid sau da yawa ba ya ƙamshi, wani lokaci ma yana ɗan warin tafarnuwa, ko ka ga burbushin farar hoda a jikinsa. In aka yanka, waje ya yi kyau, ciki kuwa fari-fari da tsami.

Ni dai shawarata, tunda tafiyarka mai nisa ce, kada ka sayi nunanne sai wanda za ka sha a ranar. Ka nemi wanda ya ƙosa amma yana da tauri, kafaɗunsa sun cika sun ɗago sama da hancinsa. Ka goge ƙaron da ya zubo masa, don yana ƙona ɓawo, yana kuma iya sa wa yara ƙuraje a baki. Ka jera a kwali da jarida a tsakani. In ka isa Kano ka sa nunanniyar ayaba ɗaya a cikin kwalin ka rufe, cikin 'yan kwanaki zai nuna da kansa. Firji kuwa sai bayan ya nuna, in ka sa shi ɗanye sanyi zai ɓata shi. Idan ka samu irin Julie ko Fita ka fifita su, zarensu kaɗan ne.

Tambaya: Shin in sayi ƙwaryar doya, wato guda ɗari, a kasuwar Zaki Biam ta Binuwai a watan Agusta in ajiye? (Wani magidanci daga Kaduna)

Amsa: A'a, Malam. Doyar Agusta sabuwa ce, ruwa ya yi mata yawa, fatarta kuma ba ta yi ƙwari ba, guda ɗari ba za su jira ka ba. Ka sayi abin da gida zai ci a mako biyu. Ta ajiya ita ce wadda ake haƙa bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Janairu. Ka duba kowace ɗaya, wadda fartanya ta sara a fara cinye ta, sauran a ɗora su kan katako a ɗaki mai iska, kada su taɓa siminti.