Zanen dajin Altdorfer ya ƙi min, ta ina zan fara?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni sabuwa ce a harkar zane, na ga hoton wani zanen daji da tsaunuka na Albrecht Altdorfer ya burge ni ba kaɗan ba, na gwada kwaikwayonsa har sau uku amma kullum sai ya koma baƙi ƙirin kamar an ɓarar da tawada. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, gaskiya kin iya zaɓe. Altdorfer a Regensburg ta Jamus ya zauna, wajen 1520 ya yi waɗannan ayyukan, kuma ba da alƙalami ya yi su ba, farantin ƙarfe ake shafe wa kaki sai a karta layi da allura, a sa asid ya ci inda aka karta, a cusa tawada cikin ramukan sannan a danna takarda a kai. To kin ga babu gogen inuwa sam, komai layi ne, inda kika ga duhu layukan ne suka matsu da juna.

Ina zargin da bishiyar gaba kike farawa, hannu ya yi nauyi tun daga nan. Ki fara da tsaunukan can nesa, layi siriri mai yankewa, ki bar farar takarda ta zama sararin sama, kar ki ji tsoron barin fili don Allah. Bishiyar nan mai rassa suna reto ita ce ƙarshe.

Ki ɗauki yanki kamar tafin hannunki kawai, ki shata da fensir sama-sama, ki bi da biro mai siririn baki. Asid kuwa a bar shi tukuna sai da malami a kusa.