Tambayi Likita: Fitsarin Baba ya ɗauke a gadon asibiti

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An kwantar da mahaifinmu saboda amai da gudawa, sai fitsari ya ɗauke, ƙafafu suka kumbura. An ce ƙoda ce, alhali bai taɓa ciwon ƙoda ba. Me ya jawo haka? Wankin ƙoda ke nan har abada? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Jukun, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan shi ne raunin ƙoda na farat ɗaya. Ƙoda da jini take aiki. Amai da gudawa sun zuƙe ruwan jikinsa, jinin da ke isa gare ta ya ragu, sai ta daina tacewa. Haka ke faruwa ga mai jego da ta zubar da jini, da mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa. A dattawa maza kuma akan duba ko kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya toshe hanyar fitsari.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda 'yan jinya ke ƙarawa da hannunsu. Diclofenac da ibuprofen daga kemis suna ƙara tsuke jinin da ke zuwa ƙoda, jiƙon da ake shigowa da shi a ɓoye cikin flas kuwa ba wanda ya san abin da ke ciki. Ku daina duka, kuma ku faɗa wa likita abin da ya riga ya sha.

Ku sa ido kan jakar fitsari. Mai nauyin kilo 60, idan awa 6 ta wuce bai tara mililita 180 ba, a kira nas. Shaƙuwa, haki ko ruɗewa ma ba a jira da su.

Haɗarin kuwa, ruwa kan taru a huhu, kuma sinadarin fotasiyam kan hau a jini har ya tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka a dakata da ayaba, dabino da lemon zaƙi, domin suna ɗauke da shi da yawa. Kada kuma ku ɗura masa ruwa wai don fitsari ya zo. Ku bi adadin da likita ya yanke.

Ba kowa ne ke kai wa ga wankin ƙoda ba. Idan ya zama dole, ana yi a Asibitin Koyarwa na Shika, kuma sau da yawa na 'yan makonni ne ƙodar ta farfaɗo. Wata 3 bayan sallama a maimaita gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini mai nuna aikin ƙoda, domin wasu ciwon kan zarce musu.