Amsa: Wanke kayan inji da feshin yashi kafin a haɗa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sauke injin motarka a Ƙofar Ƙaura, Katsina, kana tambaya ko a fesa wa bulo (gangar jikin inji) da tof silinda (kan inji) yashi da kwamfaresa don su fito fes.

Yashin rafi dai ka manta da shi. Yana cin alminiyam, ƙurarsa kuma tana lalata huhu, ciwon da ba ya warkewa. Ga tof silinda na alminiyam, bekin soda ta fi, domin ruwa na narkar da ita. Garin gilas yana ba da kyan gani, amma shi ne mugun: yana nutsewa cikin alminiyam, yana maƙalewa a hanyoyin baƙin mai. Sai inji ya ɗau zafi ya sako shi, ya bi mai ya cinye karanshaf (sandar da ke juyawa a cikin inji) da mitali (ƙarafan da yake juyawa a kansu). Aikin banza ke nan, ga kuɗi sun tafi.

Kafin feshi a wanke maiƙo tas da kalanzir, in ba haka ba garin zai dunƙule a jiki. A rufe cikin silinda, mazaunin mitali da fuskar gaskit. Marfin bawul mai farantin ƙarfe a maƙale ta ciki kada ma a fesa shi, garin da ya shiga bayan farantin ba ya wankuwa.

Bayan an gama, bakanikenka ya cire matosan hanyoyin mai, ya zura dogon buroshi da ruwan zafi da omo, ya hura iska. Goga farin ƙyalle. In ya yi toka-toka, a sake. Bulon ƙarfe a shafa masa mai nan take saboda tsatsa, a naɗe da leda, ka san ƙurar Katsina da hunturu.